Tsohuwar Fijo da Ciwon Kuloci: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Yarda a Yi Masa Canji

Duk wanda ya taɓa ratsa babban titin Nima da ke birnin Akra a ranar Laraba, wato ranar da kasuwar unguwar ke ci, ya san mota ba ta tafiyar kirki ba tare da ta tsaya ba. Ga masu tura baro, ga mata 'yan dako da manyan kwanoni a ka, ga motocin turoturo suna lodi a tsakiyar hanya, ga kuma buhunan masara da gero da wake da aka sauke daga arewa. A irin wannan cunkoso babu abin da ke shan wahala a jikin mota kamar kuloci, domin kafin direba ya fita daga Nima ya shiga Maamobi ya taka shi ya saki har ƙafarsa ta hagu ta gaji.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu shi ne yawan tambayoyin da masu saurarenmu ke aiko mana a gidan rediyo, musamman 'yan kasuwar da ke riƙe da tsofaffin motoci suna jigilar kaya tsakanin Akra da kan iyaka. Tambayar tasu kusan iri ɗaya ce: bakanike, wanda a nan Gana aka fi sani da fita, ya ba su shawarar a cire tsohon tsarin da ke sakin kuloci a sa na zamani, shin su yarda ko kada su yarda? Wannan ya sa muka zagaya garejojin Nima da Maamobi, muka leƙa kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai, muka kuma haɗa da abin da ya taɓa faruwa da mu a hanya. Abin da muka fahimta a taƙaice shi ne, ga motar da ke neman abinci a hanyar kan iyaka, canjin da ya fi alheri shi ne wanda idan ya lalace za a iya gyara shi a bakin titi.

Motar da ta ƙi mutuwa

Idan ana maganar tsohuwar mota a Afirka ta Yamma, Fijo 504 ce ke fara zuwa a rai. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta a matsayin motar shekara a nahiyar Turai. A 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka da ita, abin da ya ƙara mata suna a matsayin motar da ba ta tsoron gargada. A wannan shekara ta 1975 ce kuma masana'antar harhaɗa Fijo ta Kaduna ta fara aiki, inda aka shafe kimanin shekara 30 ana fitar da 504, alhali Turawa sun daina ƙera mai ƙofa huɗun tun 1983. Ƙasar Kenya ma ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000.

Dattawan Zango ba za su manta da zamanin da doguwar Fijo mai layin kujeru uku ke cika tashoshin Akra da Kumasi ba, tana ɗaukar fasinja da kaya zuwa Lome da Kwatano da Ikko. A yau kam ta yi ƙaranci a titunan Akra, motocin Japan da Koriya da Sprinter sun maye gurbinta. Amma har yanzu akan ci karo da ita a lungunan Nima da Maamobi, wata a hannun dattijon da ya ƙi rabuwa da ita, wata kuma a-kori-kura ce da ke dakon kaya daga kasuwa zuwa kasuwa. Can kuwa a garuruwan kan iyaka na Togo da Binin da Nijar da arewacin Nijeriya, mai karatu ya fi mu sanin irin lodin da ake ɗora mata. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji masu iya magana.

Kodayake Fijo muka ɗauka a matsayin misali, bayanin da zai biyo baya ya shafi sauran tsofaffin motoci masu giyar hannu, irin su Benz 207 da Urvan da Hiace, domin hanyar aikinsu kusan ɗaya ce.

Me ke faruwa idan ka taka kuloci?

A bayan injin akwai wani faifan ƙarfe mai nauyi da ake kira filawil, wanda ke juyawa muddin injin na aiki. A jikinsa ake manna farantin kuloci, wanda ke kan sandar da ta shiga giyabos. Sai kuma wani murfi mai ƙarfin sifirin da ke matse farantin a jikin filawil. Matuƙar murfin na matse da farantin, ƙarfin injin na wucewa zuwa giya, daga nan zuwa tayoyi. Idan direba na son canza giya ko tsayawa, dole a sassauta wannan matsi, kuma wannan shi ne aikin tsarin da muke magana a kai.

Abin da ke danna tsakiyar murfin ya sassauta shi wani boris ne da ke zamewa gaba da baya. Abin da ke tura boris ɗin kuma wani ƙarfe ne mai baki biyu kamar gwafa, wanda bakanikai ke kira fok. Tambayar ita ce, ta yaya ƙarfin ƙafar direba ke isa ga wannan fok? Hanyoyi uku aka sani. Ta farko ita ce ta sandunan ƙarfe da ke haɗe da juna, irin ta motocin da. Ta biyu ita ce ta kebul, kamar yadda yake a Boswaja mai ƙirar kunkuru da Golf ta biyu. Ta uku ita ce ta mai, wadda Fijo 504 ta zo da ita daga masana'anta.

A tsarin mai, fedar kuloci na tura wani ɗan fistin a cikin silindar sama, wadda aka fi sani da masta. Mastan na tura man burki ta cikin siririn bututu zuwa silindar ƙasa, wadda ke maƙale a jikin gidan kuloci daga waje. Ita kuma sai ta tura fok, fok ya tura boris, boris ya danna murfi, faranti ya saki. Ashe ke nan sarƙa ce mai gaɓoɓi da yawa, kuma gaɓa ɗaya ta isa ta tsayar da mota. Sau da yawa idan direba ya ce kulocinsa ya mutu, farantin lafiyarsa ƙalau, wata 'yar roba ce da ba ta kai girman kwabo ba ta fashe.

Abin da ya same mu a hanyar Aflao

Mun taɓa bin wani ɗan uwanmu ɗan kasuwa a doguwar Fijonsa, ɗauke da kwandunan goro, za mu Aflao da ke kan iyakar Gana da Togo, tafiyar da ba ta kai kilomita 200 daga Akra ba. Mun ƙetare gadar Sogakope da ke kan kogin Bolta ke nan sai direba ya taka kuloci, feda ta tafi ƙasa ta zauna, giya ta ƙi shiga. Muka tura motar gefe. Wani fita na bakin hanya ya shiga ƙarƙashinta, ya ja robar da ke rufe bakin silindar ƙasa, sai ga mai na zuba. Allah Ya taimake mu direban tsohon hannu ne, yana da robobin silinda da gwangwanin man burki a ƙarƙashin kujera. Aka kwance silindar, aka wanke, aka sa sabuwar roba, yaron mota na taka feda fita na fitar da iska. Kafin la'asar mun kama hanya, goro ya isa hannun mai shi da ɗanyensa.

Bayan wani lokaci injin motar ya gaji, kuma shan mai ya dame shi. Sai aka ba shi shawarar a sa masa injin da giyabos na wata mota ta baya-bayan nan, daga cikin na hannu da ake shigowa da su daga Turai. Aka yi aikin, mota ta yi lafiya, feda ta yi laushi kamar audugar rimi, kowa na yaba wa. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, sabon giyabos ɗin ba shi da fok, ba shi da silinda a waje. Silindar da boris an haɗe su wuri guda, suna can cikin gidan kuloci.

Ranar da wannan silinda ta fara yoyo, motar na ɗauke da tumatir. Babu abin da fitan bakin hanya zai iya yi, domin kafin a kai hannu gare ta sai an raba injin da giyabos. Man da ya zuba kuma ya jiƙa farantin kuloci, shi ma ya tashi aiki. Ga shi ba a samu irin silindar a garin ba, sai da aka aika Akra. Kwana uku mota na kan dutse, tumatir kuwa ba ya jiran kowa. Wannan shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Ba mu ce fitan da ya yi aikin ya cuce shi ba, aikinsa ya yi kyau. Kuskuren shi ne ba a tambayi inda motar ke zuwa da abin da take ɗauka ba.

Canje-canjen da ake yi, da amfanin kowanne

Canji na farko ya shafi motocin da suka girmi 504. Fijo 403 da 404 na farko-farko, da wasu motocin Ingila irin su Morris Minor, ba boris mai ƙwallaye ke danna murfin kulocinsu ba, wani zobe ne na baƙin gawayi da ke gogar ƙarfe yana cinyewa sannu a hankali. Irin wannan zobe ba ya son a daɗe ana danne da feda, abin da kuwa cunkoson Nima ke tilasta wa direba ke nan. Masu irin waɗannan motoci a ƙasashen Turai kan maye gurbinsa da boris mai ƙwallaye. Canji ne mai ma'ana, da sharaɗin boris ɗin ya zauna daidai tsakiyar murfin, kuma ya zamana an ƙera shi ne domin irin wannan murfi. In ya karkace, zai cinye yatsun murfin cikin ɗan lokaci.

Canji na biyu shi ne daga kebul ko sanduna zuwa tsarin mai. Amfaninsa shi ne feda na yin laushi, kuma tsarin na daidaita kansa yayin da faranti ke cinyewa, ba sai an riƙa ɗaure noti ba. Haka nan idan an canza injin, bututun mai na iya bi ta kowace kwana, alhali kebul ba ya son lanƙwasa mai tsanani. Amma kebul ma na da nasa alherin, domin yakan ba da sanarwa kafin ya tsinke, feda ta yi tauri, zarurrukansa su fara ɓallewa ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya ajiye na safaya zai iya canza shi da sifana biyu. Wanda motarsa ta zo da kebul kuma yana samun mai kyau a kasuwa, ba mu ga abin da zai kai shi ga huda bangon mota domin dasa masta ba.

Canji na uku shi ne wanda ya kwantar da motar ɗan uwanmu, wato daga silindar waje zuwa ta ciki. Kamfanoni sun rungumi wannan tsari ne saboda ya rage yawan ƙarafa, babu fok da zai tsage, babu ƙusar da zai cinye, kuma harhaɗa shi a masana'anta ya fi sauƙi. Motoci da dama da aka ƙera daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa yau da shi suka zo, alal misali Opel Astra ta 1998 da aka yi tasi da ita sosai a Akra. Tsari ne mai kyau ga motar da ke yawo a cikin gari kusa da gareji. Illarsa guda ce amma babba: yoyon da a tsohon tsari aikin sa'a guda ne, a wannan aikin yini ne ko fiye. A Fijo 504 mai ƙofa huɗu da doguwar, abin ya fi wuya, domin sandar da ke kai ƙarfi tayoyin baya tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da difa, shi ya sa bakanikai da yawa suka gwammace su ciro injin ɗungurungum idan za su taɓa kuloci.

Canji na huɗu ba a cika kiransa canji ba, amma a ganinmu shi ya fi dacewa da ɗan kasuwa. Shi ne a bar tsarin yadda masana'anta ta yi shi, a sabunta kowace gaɓa tasa a lokaci guda. A sa sabon masta da sabuwar silindar ƙasa tare, domin idan aka sabunta ɗaya aka bar ɗaya, ƙarfin sabon kan fasa robar tsohon. A canza tiyon roba da ke tsakaninsu, wanda idan ya tsufa yakan kumbura ya shanye ƙarfin ƙafa, kuma in da hali a sa irin wanda aka saƙa wa rigar waya. Idan cikin silinda ya yi tsatsa kuma ba a samu sabuwa ta kirki ba, masu injin sassaƙa ƙarfe irin na Suame Magazine a Kumasi na iya rarake ta su dasa mata sabon bututu a ciki. A duba fok ko ya tsage, a duba ƙusar da yake juyawa a kai, a duba ramin da ke jikin feda ko ya zama ƙwai saboda cinyewa. Mafi yawan taurin feda da ake ɗora wa tsohon tsari, daga waɗannan wurare yake fitowa.

Lissafin da ba a yi a gareji

Wani kuskure da muka ga ana yawan yi shi ne ɗauko mastan wata mota a dasa, don kawai ramukan notinsa sun yi daidai. Faɗin cikin masta da na silindar ƙasa a gwame suke, kamfani ya auna su. Bari mu ba da misali. Idan aka cire masta mai faɗin milimita 16 aka sa mai milimita 19, a ido bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma a lissafi man da zai tura ya ƙaru da kusan kashi 41 cikin 100, nauyin feda ma ya ƙaru da kamar haka. Direba zai riƙa fama da ciwon gwiwa, boris kuma zai riƙa wuce iyakarsa yana danna murfi fiye da kima, har yatsun murfin su lanƙwashe ko fistin silindar ƙasa ya fito waje.

Idan kuma aka yi akasin haka, aka sa ƙaramin masta, feda za ta yi laushi mai daɗi, amma farantin ba zai saki gaba ɗaya ba. Alamar ita ce giya ta ɗaya da ribas su riƙa ƙara kafin su shiga. Direba zai ce giyabos ne, alhali giyabos ɗin cutarsa ake yi, kuma in an daɗe a haka zai lalace da gaske. Saboda haka duk wanda za a yi wa canji, ya nemi a auna faɗin tsohon da na sabon a gabansa, a kuma auna tsawon sandar da ke tura fistin. Dole ne a bar wa feda ɗan wasa a sama kafin ta fara turawa, domin in babu shi mai ba zai koma kwalbarsa ba, kuloci zai riƙa zamewa da zarar mota ta yi zafi.

Alamomin da mai mota zai gane da kansa

Ba sai mutum ya zama bakanike ba kafin ya san inda ciwon yake. Idan ka ga danshin mai a jikin feda ko a kan shimfiɗar ƙafar direba, masta ne ke yoyo. Idan mai na raguwa a kwalba kuma ka ja robar bakin silindar ƙasa ka ga jiƙa, ita ce. Idan mai bai ragu ba, amma ka sa giya ka danne feda na ɗan lokaci sai mota ta fara jan jiki da kanta, robar cikin masta ce ta gaji, mai na komawa baya. Idan feda ta zama kamar soso, sai an taka sau biyu ko uku kafin giya ta shiga, iska ce ta shiga bututu, kuma iska ba ta shiga sai da ƙofa.

Ta fannin ƙara kuwa, idan kukan na tashi ne lokacin da aka taka feda, ya yi shiru idan aka saki, boris ɗin kuloci ne. Idan kuma yana tashi ne mota na firi ƙafa na sama, ya ɓace da an taka, to a fi zargin boris ɗin cikin giyabos. Idan injin na ƙara gudu a hawan tudu amma mota ba ta ƙara ba, ga kuma wari kamar na ƙonannen gashi, farantin ne ya cinye ko mai ya taɓa shi.

Duk ranar da aka raba injin da giyabos, kada a yi rowa. A canza faranti da murfi da boris tare, a duba ɗan bushin da ke tsakiyar filawil, a duba silin bayan injin ko yana zubar da baƙin mai. Kuɗin aiki ɗaya ne, ko abu ɗaya aka canza ko biyar. Muna kuma jan hankalin iyayen gidan gareji game da yaransu masu koyon aiki: tsofaffin farantai da dama na ɗauke da sinadarin asbesto mai illa ga huhu, don haka kada a hure ƙurar gidan kuloci da baki ko da iskar kwamfaresa, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Mai da kayan gyara

Man da ake zuba wa kuloci shi ne man burki, mai lamba DOT 3 ko DOT 4. Irin wannan mai na shan danshin iska, kuma Akra gari ne na bakin teku. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yakan sauko zuwa wajen 155. DOT 3 kuwa daga 205 yake saukowa zuwa 140. Ban da haka, ruwan da ya sha shi ke sa cikin silinda tsatsa, tsatsar ta yanka roba. Shi ya sa ake son a zubar da tsohon a sa sabo duk bayan shekara biyu. A guji man da ake sayarwa a buɗaɗɗiyar kwalba. Babban abin gudu kuma shi ne zuba man injin ko man giya ko na sitiyari, domin suna kumbura robobin su lalata su gaba ɗaya. Haka nan ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa idan sun maƙale a daji, in ya fitar da mutum a ranar, to lallai a wanke tsarin duka da an isa gari.

Game da kayan gyara, a Abossey Okai za ka samu sabo, za ka samu na hannu wanda a nan ake kira hom-yus, a Nijeriya kuma tokumbo ko ɗan Beljiyam. Ƙarfe irin fok ko feda, na hannu na asali ya fi sabon jabu. Amma duk abin da ke da roba a ciki, ko boris, sabo ake nema, domin robar da ta yi shekaru a bola a Turai ta riga ta bushe. Tun bayan faɗuwar darajar sidi a 2022, shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a Gana, jarabar sayen mai araha ta ƙaru, sai dai araha ba ta ado. A tafi da tsohon a hannu a gwada, a duba lambar da ke jikinsa, a kuma yi ciniki da sharaɗin mayarwa.

A nan ne ma 'yan kasuwar kan iyaka suka fi kowa sa'a. Saboda daɗewar da aka yi ana harhaɗa 504 a Kaduna, kayanta sun fi yawa a kasuwannin Nijeriya irin su Ladipo a Ikko, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Wanda ke zirga-zirga ta can, ko yake da abokin ciniki mai zuwa, zai iya sayo robobin masta da na silinda ya ajiye tun kafin buƙata ta taso. Wannan ma wani dalili ne na barin motar a kan tsarinta na asali: fitan Aflao da na Paga da na Bawku, da na Maraɗi da Jibiya da Illela, duk sun san cikin Fijo kamar tafin hannunsu, amma motar da aka yi wa haɗin gambiza, wanda ya haɗa ta kaɗai ya san sirrinta.

Shawararmu

Ga wanda ya riga ya canza injin da giyabos kuma silindarsa na ciki, ba mu ce ya tayar da hankalinsa ba. Ya sa fita ya rubuta masa sunan motar da aka ciro kayan daga jikinta da shekararta da lambar silindar, ya ajiye takardar tare da takardun mota. Ya sayi silinda guda ta safaya, ya riƙa duba kwalbar mai kowace safiya, ya kuma sa a fito masa da bakin fitar da iska waje inda hannu zai kai. Da ya ga mai ya fara raguwa, kada ya yi lodin kayan gwari sai an duba.

Ga wanda kuma bai yi ba tukuna, kafin ya ba da kuɗi ya yi wa bakanike tambaya uku. In wannan abu ya lalace tsakanin Tamale da Bolgatanga, za a iya gyara shi a bakin hanya? Kayansa ana samunsu a garuruwan da nake bi? Faɗin masta da na silinda sun dace da juna? Bakanike na gari ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, hasali ma zai ƙara ganin girman mai motar.

Su kuma direbobi, a daina ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya, a daina riƙe mota da kuloci a kan tudu alhali ga burkin hannu, kuma idan cunkoso ya tsaya a mayar da giya firi a ɗaga ƙafa. Alhaji mai mota da Hajiya mai kaya su ma su sani cewa lodin da ya wuce kima farantin kuloci ne ke fara biyan bashinsa. Robobi biyu, gwangwanin mai da ba a fasa ba, da sifanar fitar da iska, duka ba su kai kuɗin kwandon tumatir ɗaya ba, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya kai kowa gidansa lafiya, amin.